Tambayar A, B, C, D: aikin yana wajen amsoshin da ba daidai ba

Duk yaron da ya bi ta makarantar boko a Najeriya, kafin ya taka ƙofar jami'a sai ya amsa dubban tambayoyin nan masu A, B, C, D. Da su ake gwada shi a ƙarshen kowane zango, suna cikin takardun WAEC da NECO, jarrabawar JAMB kuwa gaba ɗayanta su ne: tambayoyi 180 cikin awa 2 a gaban kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Manyan hukumomin nan suna da ƙwararru da kwamitocin da ke tace tambaya kafin ta isa ga ɗalibi. To amma tambayoyin da yaro ya fi cin karo da su a rayuwarsa ba na hukuma ba ne, na malamin ajinsu ne, wanda aka ce ya kawo tambayoyi 40 ofishin jarrabawa kafin Litinin, kuma abin da ya karanta game da tsara jarrabawa a kwalejin ilimi bai wuce kwas ɗaya ko biyu ba, in ma ya bi ta can.

Asalin wannan salo daga Amurka ya fito. Wani malami mai suna Frederick Kelly, a jihar Kansas, shi ake yawan ambata da fara amfani da shi wajen 1915, a wata jarrabawar gwada fahimtar karatu. Abin da ya dame shi shi ne yadda takarda ɗaya kan samu maki daban-daban a hannun malamai daban-daban. Daga 1917 sojojin Amurka suka ɗauki dabarar don tantance masu shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan ta bazu. Amfaninta a fili yake: ana gyara ta da sauri, kuma son zuciyar mai gyara ba ya samun ƙofar shiga. A ajin da ɗalibai suka haura 80, malami ba shi da wata mafita da ta fi ta sauƙi. Sai dai wahalar da aka rage a wajen gyara ba ɓacewa ta yi ba, komawa ta yi wajen rubuta tambayar. Wannan ne abin da yawancinmu ba mu lissafa da shi.

Aikin tambaya guda ɗaya ne, ta raba wanda ya san darasin da wanda bai sani ba. Saboda haka hanya biyu kawai take lalacewa: ko wanda bai sani ba ya ci, ko wanda ya sani ya faɗi. Duk kurakuran da za a lissafa, a ƙarƙashin ɗayan biyun nan suke.

Yawancin malamai suna ɗauka cewa in sun samu tambaya da amsarta, sun gama. Sauran gurabe uku a cike su da duk abin da ya zo a rai. Ga irin abin da ke fitowa:

Wane ne ya jagoranci jihadin 1804?
A. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo
B. Lugga
C. Mungo Park
D. Olusegun Obasanjo

Yaron da bai taɓa zama a ajin tarihi ba zai ci wannan. Turawa biyu da shugaban ƙasa na zamaninmu ba su da alaƙa da jihadi, kowa ya sani. Malamin ya ba da maki, amma bai gano komai game da ɗalibinsa ba. Da ya tambayi wanda ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, ya jera Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo da Abubakar Atiku da Aliyu Babba, da tambayar ta yi aiki. Duk huɗun 'yan gida ɗaya ne. Yaron da ya zaɓi Abdullahi ba shirme ya yi ba: ya san ƙanen Shehu ne kuma babban malami, abin da ya kuɓuce masa shi ne yadda aka raba mulki tsakanin Sakkwato da Gwandu. Wanda ya zaɓi Atiku ya san jerin sarakunan, ya dai rikita tsarinsu, domin Atiku shi ya gaji Bello a 1837. Kowace amsar kuskure tana gaya wa malami inda zai koma ya gyara.

A lissafi abin ya fi fitowa sarari. A ce an tambayi jimlar 1/2 da 1/3. Amsa ita ce 5/6. Malamin da ke sauri zai ƙara 7/9 da 4/11 da 9/10, lambobin da babu wata hanyar da za ta kai yaro gare su. Malamin da ya san ajinsa zai sa 2/5, domin ya san akwai yaran da ke haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Zai sa 1/6, amsar wanda ya ninka ko ya ɗebe maimakon ya haɗa. Zai sa 2/6, amsar wanda ya gane cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa amma ya manta ya canza na sama. In rabin aji suka faɗa kan 2/5, malami ya san darasin da zai maimaita ranar Litinin, ba sai ya yi ta kirdado ba.

Ina ake samun irin waɗannan amsoshi? A littattafan aikin yara. Babu wani littafin koyarwa da ya san kurakuran ajinka kamar jan biron da ka yi amfani da shi duk zangon. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara ba da tambayar a aikin aji ba tare da zaɓi ba, kowa ya rubuta amsarsa, sannan a tattara kurakurai uku da suka fi maimaituwa. Su ne amsoshin kuskure uku na jarrabawar gaba. Wannan yana nufin rubuta tambayoyi aiki ne na duk zango, ba na daren Lahadi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai ba kowace tambaya ake samun kurakurai uku masu ma'ana ba. Gaskiya ne, kuma masana sun daɗe da lura da haka. A 2005 wani mai bincike a Jami'ar Minnesota, Michael Rodriguez, ya tattara binciken da aka yi na tsawon shekara 80 a kan yawan zaɓi, ya kammala cewa zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan lokuta, domin na huɗu da na biyar galibi ba wanda ke zaɓarsu. Masana kan ɗauki duk amsar da ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ɗalibai suka zaɓa a matsayin wadda ba ta aiki. Ni dai ra'ayina, a ajin da ake shirya yara don WAEC da JAMB a bar zaɓi huɗu domin su saba da abin da za su tarar. Amma a firamare da ƙaramar sakandare, zaɓi uku masu ƙwari sun fi huɗu da aka cike da shara.

Lissafin canki-canka ma yana nuna haɗarin. In tambayoyi 40 ne, kowace da zaɓi huɗu masu kama da gaskiya, wanda ya rufe ido ya yi ta zaɓa zai samu kimanin 10. In kuwa a kowace tambaya akwai zaɓi biyu da kowa ya san ba su ba ne, wannan yaron zai tashi da kimanin 20, wato rabin maki, abin da a makarantu da yawa ya isa a ce ya ci. Za a rubuta masa sakamako mai kyau, iyayensa su yi murna, a ciyar da shi gaba, sai a zauren JAMB gaskiya ta fito, lokacin da babu sauran damar gyara. Wannan ne ya sa nake ganin tambaya mai rauni zalunci ce ga yaron da ya ci ta, ba alheri ba.

Bayan raunin amsoshi, akwai alamun da malami ke bari ba da saninsa ba. A jarrabawar da aka rubuta da Hausa, jinsi ne ke fara tona asiri:

______ ce ke harba jini zuwa sassan jiki.
A. Huhu
B. Zuciya
C. Ciki
D. Kai

Duk Bahaushe zai ci wannan ko bai san komai a kimiyya ba, domin "ce" ba ta tafiya da huhu ko ciki ko kai. Gyaran ba shi da wuya: a jera zuciya da hanta da ƙoda da saifa, ko a juya tambayar ta zama "Wace gaɓa ce ke harba jini zuwa sassan jiki?" A takardun Turanci irin wannan ɓarakar tana zuwa ta ƙananan kalmomin nan "a" da "an" da ake bari a ƙarshen tambaya, da kuma tilo da jam'i.

Alamar da ta fi kowace yawa ita ce tsawo. Malami yana tsoron kada a yi masa gardama a kan amsar daidai, sai ya yi ta ƙara mata sharuɗɗa har ta kai layi biyu, sauran kuwa kalma uku-uku. Yara sun daɗe da gane wannan. Tun a ƙaramar sakandare suke gaya wa juna cewa in ba ka sani ba ka ɗauki mai tsawo. Haka kuma sun san amsar da ke ɗauke da "kullum" ko "ko kaɗan" galibi ƙarya ce, mai "yawanci" ko "wani lokaci" kuma ita ce gaskiya. Sun san in kalma ta fito a tambaya ta sake fitowa a zaɓi ɗaya kaɗai, nan amsar take. Sun kuma san malamai ba sa son sa amsa a A, suna ɓoye ta a tsakiya, a B ko C. Maganin wannan na ƙarshe shi ne a bar tsari ya yanke hukunci: shekaru da lambobi a jera su daga ƙarami zuwa babba, sunaye a bi jerin haruffa, amsa ta faɗi duk inda ta faɗi. Sannan in an gama a ƙirga a ga sau nawa kowane harafi ya zama amsa. A kuma karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe, domin sau da yawa tambaya ta 30 ce ke ba da amsar ta 7.

"Duk na sama daidai ne" ita ce mafakar malamin da zaɓi na huɗu ya gagare shi. Illarta biyu: yaron da ya tabbatar da biyu daga cikin uku ya riga ya ci ko bai san na ukun ba, mai sauri kuma yana ganin A daidai ce zai zaɓa ya wuce. A jarrabawar kwamfuta da ke gauraya zaɓi, tana iya komawa A, ta zama babu komai a samanta. "Babu ko ɗaya" kuma ba ta nuna cewa yaro ya san amsar, ta nuna dai ya san waɗanda ba su ba. Tana da ɗan gurbi a lissafi, inda ake so a hana yaro gwada zaɓi ɗaya bayan ɗaya, amma ban da nan gara a bar ta.

Ɗaya ɓangaren, inda wanda ya sani ke faɗuwa, shi ya fi ci mini rai, domin yaran da suka fi ƙoƙari ne ke cutuwa. Misali malamin Hausa ya tambayi jam'in "doki", ya sa dawaki a A, dawakai a C, ya ɗauki ɗaya a matsayin amsa. Duka biyun Hausa ce. Yaron da ya fi sanin harshen shi zai fi daɗewa yana juyayi, lokaci na tafiya. Irin wannan yana yawa a duk inda karin harshe ya bambanta, ko inda littattafai biyu suka saɓa, ko inda aka ce "wanne ya fi muhimmanci" ba tare da an faɗi ta wace fuska ba. Gwajin da ya kamata kowace tambaya ta tsallake shi ne wannan: a rufe zaɓin da hannu, a ba wani malamin fannin ya karanta tambayar kaɗai. In ya iya ba da amsa, kuma amsarsa ta zo ɗaya da taka, tambayar ta tsaya da ƙafarta. In ya ce "me kake nufi?", to ɗalibai ma haka za su ce, sai dai su ba su da bakin tambaya. Tambaya irin "Kano ______" da aka bi da zance huɗu mabambanta, ɗaya kan tarihi, ɗaya kan kasuwa, ɗaya kan yanayi, ba za ta taɓa tsallake wannan gwaji ba.

Sai matsalar harshe, wadda a Arewa ba ƙarama ba ce. Yawancin yaranmu da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci suke tunani, da Turanci kuma ake tambayarsu. In malamin kimiyya ya rubuta tambaya mai layi biyar cike da manyan kalmomi don a san ya yi karatu, Turanci ya gwada, ba kimiyya ba. Yarinyar da ta fahimci yadda tsiro ke haɗa abincinsa za ta faɗi saboda kalma ɗaya da ba ta da alaƙa da darasin. Kalmomin fanni dole ne a bar su, domin su ma darasi ne. Sauran kuwa a sauƙaƙa su iyakar iyawa, a cire duk jimlar da amsa ba ta dogara da ita ba.

Tambayar korewa, irin "wanne ne BA ya cikin...", ita ma tana kayar da masu sani. Yaro ya amsa tambayoyi 20 yana neman gaskiya, kwatsam a ta 21 ana so ya nemi ƙarya, idonsa ya tsallake kalmar korewar. In ya zama dole, kamar inda ake koyar da abin da ba a yi a ɗakin gwaji, a rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. Korewa biyu a tambaya ɗaya kuwa ba ta da wani uzuri. Akwai malaman da ke alfahari da cewa tambayoyinsu tarko ne, ba mai cin 30 cikin 40. Wahalar da ta fito daga zurfin darasi abu ne mai kyau. Wadda ta fito daga murɗa magana ba ta auna komai sai wayo.

Kada kuma a manta da abin da ke faruwa tsakanin rubutun malami da takardar da ke isa aji. Mai buga takardu a shago ba malamin lissafi ba ne: ƙaramar 2 da ke saman x tana saukowa ta zauna a gefenta, alamar ɗebewa tana ɓata, layin da aka ja a ƙarƙashin kalma ya tafi, a bar yaro da umarnin ya duba "kalmar da aka ja wa layi". A takardar Hausa ƙugiyoyi ne ke zubewa, baƙi ya koma baki, tambayar da aka gina a kan bambancinsu ta mutu. Malami ya karɓi bugun farko ya amsa shi da kansa kamar ɗalibi, ya gwada da takardar amsoshinsa, kafin a buga ɗaruruwa. Haka ma tambayoyin da wasu ke sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta musu yanzu: sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, domin manhaja ba ta san manhajar karatun ajinka ba, ba ta kuma san kurakuran yaranka ba.

Ana yawan zargin wannan salo da cewa hadda kawai yake aunawa. Laifin na masu rubutawa ne, domin tambayar "wane ne" da "a wace shekara" ita ta fi sauƙin rubutawa. Amma dubi bambancin waɗannan biyu a darasin noma. Ta farko: wane sinadari harafin N ke wakilta a buhun takin NPK? Ta biyu: manomi ya ga ganyen ƙasa na masararsa sun soma yin rawaya, shukar kuma ta ƙi tsawo, alhali ruwa bai yanke ba, wane sinadari ne ya fi yiwuwa ƙasar ta rasa? Amsar duka biyun naitirojin ce, amma ta biyun tana bukatar yaro ya ɗauki abin da ya koya ya kai shi gona. Sharaɗin shi ne misalin ya zama sabo, ba wanda aka yi a allo ba, in ba haka ba ya koma hadda. Kafin a fara rubutu yana da kyau a zana ɗan jadawali: batutuwan zangon a gefe guda, da yawan tambayoyin da kowanne zai samu gwargwadon makonnin da aka yi a kansa, da kuma nawa ne na tunawa, nawa na aiki da ilimi. In ba a yi haka ba, sai ka tarar rabin takarda ya fito daga babi biyun da suka fi sauƙin tambaya. Duk da haka akwai abin da A, B, C, D ba za ta taɓa aunawa ba. Ba za ta nuna ko yaro zai iya rubuta wasiƙa, ko jera hujja, ko nuna matakan lissafi ba. Shi ya sa WAEC da NECO ba su yar da takardun rubutu ba, kuma makarantar da ta koma zaɓi zalla don sauƙin gyara tana yaye yaran da ba su iya haɗa sakin layi ɗaya.

Bayan an gyara takardu akwai sauran aiki na kamar awa ɗaya, wanda ba ya bukatar kwamfuta. A jera takardun daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci, a ware kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, kamar yadda wani masani, Truman Kelley, ya ba da shawara tun 1939. A ajin mutum 60, takardu 16 ke nan a kowane ɓangare. Sai a bi tambayoyin ana ƙirgawa. In 14 na sama sun ci tambaya, 5 na ƙasa suka ci, tana aikinta. In duka ɓangarorin sun ci daidai wa daida, ba ta raba kowa da kowa. In kuwa na ƙasa sun fi na sama ci, akwai matsala: ko takardar amsoshi ce ke da kuskure, ko akwai amsa ta biyu da masu ƙoƙari suka hango. Irin wannan tambaya a cire ta daga lissafin maki, a mayar wa yara haƙƙinsu. Duk zaɓin da babu wanda ya taɓa, a canza shi kafin baɗi. Waɗanda suka yi kyau a kwafe su a littafi guda tare da ƙididdigarsu. Cikin shekara uku malami zai tara tambayoyin da ya gwada ya tabbatar.

Sannan a koma aji da takardun. Binciken da Henry Roediger da Elizabeth Marsh suka wallafa a 2005 ya nuna cewa ɗalibin da ya karanta amsoshin kuskure a jarrabawa yana iya riƙe wasunsu a matsayin gaskiya daga baya, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna gaya wa ɗalibai amsar daidai yana rage wannan illa sosai. Hakan ya fi shafar malamin da ya bi shawarar da na bayar tun farko, domin gwargwadon yadda amsar kuskure ta yi kama da gaskiya, gwargwadon yadda za ta iya zama a kan yaro. Yaron da ya zaɓi 2/5, aka ba shi maki 24 cikin 40 aka sallame shi hutu, zai dawo yana haɗa na sama da na sama. Don haka makon farko na sabon zango, a ɗauki tambayoyi 5 ko 6 da aji ya fi faɗuwa a kansu, a rubuta su a allo, a tambayi waɗanda suka zaɓi B su faɗi dalilinsu kafin malami ya ce komai.